Rub-da-ciki a gaban surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata safiya ta damina a bakin tabki ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, ƴan fadar surukina ba za su bar ni ba. Gara in ba da labarin da bakina, domin wanda yake yawo a Gure an zuba masa gishiri har ya yi yawa.

Ni malamin kimiyya ne a kwaleji, kowa Mushe yake kirana, kamar yadda ake kiran malaman boko a nan. Daga Madawa aka turo ni, na zo da akwati ɗaya da niyyar in ɗan taɓa aiki in nemi canji. Abu biyu suka riƙe ni. Na farko Falmata, mai aikin jinya a gidan likita, wadda na je ta yi mini allurar zazzaɓi na dawo da wani ciwon daban. Na biyu tsuntsaye.

Muna da wata ƴar ƙungiya ta masu kallon tsuntsaye. Ba mu da yawa, kuma mutanen gari sun daɗe da yanke hukuncin cewa aiki ne ya yi mana kaɗan. Ranar Lahadi bayan asuba mukan hau moto, wato babur, mu nufi kwari ko tabki, wani lokaci hanyar Kelle, wani lokaci wajen Gamu, kowa da jumel rataye a wuya, wato madubin nan mai ido biyu da ke jawo nesa kusa. Shugabarmu Madam Rakiya ce, tsohuwar malama da ta yi ritaya, wadda ta koyar da rabin ma'aikatan garin. In ta ɗaga yatsa ɗaya, ko tari ne ya zo maka haɗiye shi za ka yi. (Fitata ta farko farar shadda na saka, na fesa turare, don na ji an ce za a fita da manyan mutane. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Mushe, ɗaurin aure za ka? Zauna nan ka tsare mana moto.")

A cikin duk tsuntsayen da muke bi, gauraka ne ya fi tsaya mana a rai. Tsofaffi sukan ce da garke-garke ake ganin gauraki a tabkunan nan, yanzu kuwa sai ka yi damina guda ba ka ji kukansu ba. Abin da ke cinye su sananne ne: ana kama ƴaƴan tun ba su iya tashi ba, a yanke musu fiffike, a sayar wa masu manyan gidaje su riƙa yawo a tsakar gida don ado. Daminar da ta gabata mun sami wata sheƙa, ɗaya daga cikinmu ya kasa riƙe murna ya saka hoton a waya. Wani ya gane wurin ta wata bishiyar dabino da ta karkace a bayan hoton. Da muka koma, sheƙa wayam. Ranar na ga Madam Rakiya ta zauna a kan yashi tana share hawaye da bakin gyale.

Saboda haka da Allah ya sa muka gano wasu gauraki biyu sun yi ƙwai a wani tabki, sai ta tara mu a zaurenta ta kafa doka. Kowace safiya mutum ɗaya zai je gadi, bi da bi. In ka kusa, da jan ciki za ka ƙarasa. Ba miƙewa, ba magana. Kuma ba wanda zai ji zancen sai ranar da ƴaƴan suka tashi sama. "Ko uwarka," in ji ta. "Ko matarka. Ko wadda kake zuwa hira wurinta." Wannan na ƙarshen, ni ta kalla. Duk muka yi alkawari.

(Kada ka tambaye ni sunan tabkin. Har yau ba na faɗa.)

Yanzu bari in gabatar maka da Alhaji Bukar, mahaifin Falmata. Ɗan kasuwa ne, kanwa da dabino yake sayarwa. Mutumin kirki, mai kyauta, mai fara'a. Aibinsa ɗaya, in har aibi ne, magana ba ta kwana a cikinsa. Fadar da ake shan shayi a ƙofar shagonsa ita ce gidan rediyon Gure, abin da ya ji da hantsi, kafin la'asar an ji shi a tasha. A cikin masu zama wurin kuwa har da wani mutum da kowa ya san shi ke sayen ƴaƴan gauraka. A lokacin kawunnaina sun riga sun zo daga Madawa sun kai gaisuwa, an karɓa, an ce bayan girbi za a sa rana. Kullum na je gaishe shi ina tuɓe takalmi tun daga nesa, in durƙusa, ido a ƙasa, kamar yadda aka rene ni. Har ta kai na fi sanin takalmansa a kan fuskarsa.

Ranar da abin ya faru, ana cikin hutu, bi ya zo kaina. Na ɓoye moto a ƙarƙashin goruba can nesa, na saka tsohon wando da riga mai launin ƙasa da takalman roba, na ja ciki cikin ciyawa har bakin ruwa. An yi ruwa da daddare, ƙasa ta jiƙe, kafin in isa na zama laka tun daga ƙirji har gwiwa. Sheƙar tana tsakiyar tabkin, cikin kacala, kuma ba a ganinta sai ta wata ƴar kafa tsakanin ciyayi, ita ma sai kana kwance. Na saita jumel. Ga macen nan a kan ƙwai, tukkunta mai ruwan zinariya yana ɗan motsi da iska. Wallahi na ji daɗi a raina. Na manta sauro, na manta laka, na ce da kaina duk Gure ba wanda ya kai ni sa'a yau.

Akwai abin da ya kamata in faɗa a nan. A ɗaya gaɓar tabkin, can bayan kacalar, matan wani ƙauye sukan zo wanki kowace safiya, zannuwa ɗaure a ƙirji, wasu suna yi wa yara wanka. Gaurakin sun saba da su. Ni ma na saba da su har na daina ganinsu. Mai kallon tsuntsu in ya kafa ido, ko raƙumi ne ya tsaya a bayan tsuntsun ba zai lura ba.

Ina cikin wannan daɗin sai na ji ciyawa ta motsa kusa da kunnena. Na ɗan juya kai. Takalma ne, na fata, ruwan ƙasa, an ɗinke maɗaurin na dama da baƙin zare. Ban buƙaci ɗaga kai ba. Ashe Alhaji ya karɓi aron gona a gefen tabkin a wannan daminar, ya zo duba hatsi, ya hango ƙafafun mutum a cikin ciyawa ya zo ganin ko gawa ce.

Tarbiyyar gidanmu ta ce tashi, tuɓe takalmi, durƙusa. Dokar Madam ta ce in ka miƙe, tsuntsuwa za ta bar ƙwai. Jikina, don tsabar biyayya, ya yi ƙoƙarin bin duka biyun. Ina kwance rub-da-ciki na fara tuɓe takalman roba da yatsun ƙafa, ɗaya ya fita, ɗaya ya maƙale a diddige. Na sunkuyar da kai don ladabi, haɓata ta nutse a laka. Sannan cikin raɗa na ce, "Baba, ina kwana."

"Mushe?" Muryarsa kamar ta mai shela. "Kai ne? Lahiya?"

"Lahiya lau, Baba," na ce, har yanzu cikin raɗa. "Ina gajiya. Ina gida. Ina su Mama."

Ka ji fa. Mutum kwance a laka, ƙafa ɗaya da takalmi, yana jero gaisuwa ƙasa-ƙasa kamar ɓarawon da ya haɗu da liman. Ya amsa mini gaisuwar tsaf, domin shi ma ɗan gidan mutunci ne, sannan ya ce, "Mi kake yi nan?"

"Tsuntsaye nake kallo, Baba."

Ya ɗaga kai ya dubi sama. Ni ma na ɗan karkata na duba. Tabkin da kullum yake cike da balbela da agwagin ruwa, a wannan lokacin ko kurciya ɗaya babu. Kamar sun haɗa baki.

"Wane tsuntsu?"

Kalma ɗaya ce tsakanina da tsira. Ta zo har bakin harshena. Sai na tuna fadar shayi, na tuna mai sayen ƴaƴan gauraka yana hura kofi, na tuna Madam zaune a yashi. Na haɗiye ta. Na ce, "Sun... sun tashi, Baba."

Ya miƙo hannu. Na ba shi jumel ɗin. Ya kafa a ido, ya nufi daidai inda ya ga na nufa. Shi a tsaye yake. Daga tsaye kuwa ba a ganin sheƙa, ba a ganin tukku, kacala ta rufe komai. Abin da ake gani tar, kamar ka miƙa hannu ka taɓa, shi ne matan ƙauye suna wanki.

Sai a lokacin na gan su. Na rantse sai a lokacin.

Da nan abin ya tsaya, da sauƙi. Amma babbar rigarsa fara ce fat, iska tana kaɗa ta, kuma ta ƴar kafar nan na ga tsuntsuwar ta miƙe wuya tana dube-dube. Hankalina ya tashi. Ban san lokacin da hannuna mai laka ya kama bakin rigar surukina ya ja ƙasa ba, ina cewa, "Baba, don Allah duƙa, kada a gan mu."

Ya sauke jumel ɗin a hankali. Ya dubi shatin yatsuna biyar a jikin rigarsa. Ya dube ni. Da ya zage ni, da na ji sanyi. Sai kawai ya ajiye jumel ɗin a kan ciyawa, ba a hannuna ba, ya ce, "Allah shi shirya," ya juya ya tafi.

Na daɗe kwance a wurin ina roƙon ƙasa ta yi mini alfarma ta buɗe. Da na sake leƙawa, tsuntsuwar ta kwantar da wuya a kan ƙwanta, hankali kwance, ba abin da ya dame ta.

Ba a jima ba saƙo ya iso ta bakin ƙanin Alhaji: maganar sa rana, a dakata tukuna. Ba dalili, ba ƙarin bayani. Da yamma na je wurin Falmata, ta fito ba tare da tabarma ba, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Mi ka yi ma Baba?"

"Ban yi mishi komai ba."

"To mi ya faru?"

"Ba zan iya faɗa ba yanzu. Ki ba ni lokaci."

Ta ce, "Shi ya ƙi faɗa, kai ka ƙi faɗa. Ni ce dai aka bari a tsakiya kamar marar wayo." Ta shige gida. Wannan ya fi lakar ciwo.

Na garzaya wurin Madam Rakiya na kwashe komai na gaya mata. Ta yi dariya har ta riƙe bango, sai da jikarta ta kawo mata ruwa. Da ta nutsu ta ce, "Ɗana, ni ban riƙe ka ba. Aure ba wasa ba ne. In kana so, yanzu mu tashi mu je in yi mishi bayani. Amma ka sani, ya riga ya san wurin. Ranar da ya ji mi ke ciki, shi ke nan." Na so ƙwarai ta ce ta hana ni, don in sami wanda zan ɗora wa laifi. Ta ƙi. A ƙarshe na ce mu jira su tashi, na fito ina zagin kaina, ina zagin gauraki, ina zagin ranar da na fara rataya jumel.

Jiran nan ya yi mini tsawo. Gauraka ba kaza ba ne, ƴaƴansa sai sun yi watanni kafin fiffike ya ɗauke su. Kullum na bi ta gaban shagon Alhaji ina jiran fadar ta fashe da dariya. Sai in ji, "Mushe, sannu, zo ka sha shayi," kamar kullum. Na ce lallai sun ji, kara suke yi mini. Aka koma lakwal, na shiga aji ina duba fuskokin ɗalibai ɗaya-ɗaya, ina neman mai murmushin mugunta. Ban samu ba. A masallaci in na gaishe da Alhaji yakan amsa, amma idonsa a kan carbi. Falmata kuwa tana ɗaukar wayata, sai dai amsar ba ta wuce "lahiya" da "to". Na rame. Duk da haka in bi ya zo kaina ina zuwa gadi (na dai canza wurin kwanciya, na koma inda ba komai a bayan sheƙar sai tudun yashi). Ƙwai suka ƙyanƙyashe, ƴaƴa biyu, jajaye-jajaye, masu dogayen ƙafafu da ba su san yadda za su yi da su ba. Ina kallonsu ina cewa a raina, ku yi sauri ku girma, aurena yana hannunku.

Bayan an gama yankan hatsi, wata safiya, ina kwance sai na ga iyayen sun ruga a kan ruwa, ƴaƴan suna biye, suna kaɗa fiffike. Na farko ya ɗaga. Na biyu ya yi tuntuɓe, ya sake gwadawa, shi ma ya ɗaga. Suka zagaya tabkin su huɗu, iyayen suna wannan kukan nasu mai kama da tsohon ƙahon mota. Na miƙe tsaye a bakin tabkin nan karo na farko, na yi kabbara da ƙarfi har matan wanki suka waiwayo.

Ranar da la'asar muka je gidan Alhaji ni da Madam. Na tuɓe takalmi, na durƙusa. Madam ta yi bayani daga farko, ta miƙa masa waya ya ga hotuna, ƙwai, ƴaƴa, da wurin da na kwanta. Ya daɗe yana dubawa. Ina jiran dariya, sai na ji ya yi ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. Sannan ya juyo gare ni. "Mushe, ka san abin da na sha? Labari irin wannan a cikina tun damina. Ana shan shayi ana ce mini, Alhaji yau ba labari? In ce babu. Ni! Ko uwar Falmata ban gaya ma ba. Har tuwo ya daina shiga."

Na ce, "Baba, mi ya hana ka faɗa?" Ban san na yi tambayar ba sai da ta fita.

"In na faɗa, ka sake tsayawa gaban ƴan lakwal a garin nan? Baƙo ne kai, ba ka da kowa nan. Kuma yarinyar tana son ka. Na ce in dakata in gani, ko Allah zai sa idona ne ya yi ƙarya." Ya ajiye wayar a tabarma. "Ni na riƙe mutuncinka, kai kuwa ƙwai biyu ka kasa ba ni ajiya."

Kunyar bakin tabki wasa ce a kan wadda na ji a wannan lokacin. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri." Ya ce ya wuce, in aika wa kawunnaina su zo. Daga bayan labule na ji an saki wata ƴar dariya da aka daɗe ana dannewa, na gane mai ita.

Mun miƙe za mu tafi sai Alhaji ya yi gyaran murya. Fuskarsa ta canza, ta koma irin ta mai azumi da ya ji an fara kiran magariba.

"Madam, to yanzu dai na iya faɗa?"

"Faɗi komai, Alhaji," in ji ta, "ban da wurin. Baɗi suna dawowa."

Kafin isha'i an ji a tasha. A nasa labarin lakar ta kai mini har kunne, kuma wai gaisuwar da na yi a kwance har da tambayar lafiyar awaki. Yau shekaru ke nan da aurenmu, yana nan yana bayarwa, duk baƙon da ya zauna a fadar sai an nuna ni. Amma na lura da abu guda. Yau ya ce a hanyar Kelle abin ya faru, gobe ya ce wajen Bune ne, jibi ya kai tabkin wani gari da ni ma ban taɓa jin sunansa ba. Mai sayen ƴaƴan gauraka ya ƙona man moto ya gaji, har ya daina tambaya. Gaurakin kuwa kowace damina suna nan inda suke.

Darasin da na koya ba mai zurfi ba ne, amma na biya shi da tsada, don haka nake ba sababbin ƴan ƙungiyarmu kyauta. Kafin ka kwanta ka saita jumel, miƙe tsaye ka ga abin da mai wucewa zai gani. In kuwa ka yanke hukuncin cewa wani ba ya iya riƙe sirri, to ka yi addu'a kada naka ne zai fara faɗawa hannunsa.